Lakcaranmu ya ce babu rubutun da ke da ma'ana ɗaya, to ina matsayin Maganar Allah?

"Baba Rabaran barka da aiki. Ni ɗaliba ce a jami'a, aji uku, adabin Turanci nake karantawa. Wannan samista ana koya mana falsafar da suke kira fosmodan, kuma lakcaranmu ya ce babu wani rubutu a duniya da ke da ma'ana guda tsayayya, kowa da yadda yake karanta nasa, wai abin da ake kira gaskiya ma masu iko ne ke ƙera ta. Wani ɗan ajinmu ya tambaye shi har da Littafi Mai Tsarki? Ya ce har da shi. Tun ranar in na buɗe Baibul da safe sai in ji kamar muryar kaina kawai nake ji. Baba in haka ne ta yaya za mu ce Allah ya yi magana? Ko dai in daina karanta littattafan nan ne?"

Yauwa 'yata, sannu da ƙoƙari, Allah ya ba da sa'a. Amsar ƙarshen tambayarki ta fi sauƙi don haka da ita zan fara: kar ki daina. Na shekara da yawa ina koyar da tauhidi a makarantar horar da fastoci, kuma ɗaliban da na ga bangaskiyarsu ta tashi aiki galibi waɗanda aka ɓoye wa irin waɗannan tambayoyin ne har suka ci karo da su su kaɗai da daddare a waya.

In na fahimce ki da kyau tambayoyi biyu ne kika ɗaure da igiya ɗaya. Ta farko, shin mai karatu zai iya kai wa ga abin da rubutu ke nufi ko kuwa kansa yake gani a ciki kamar madubi. Ta biyu, shin akwai ma wani a can ɗaya gefen da ya yi maganar tun farko. Mutanen fosmodan suna da abin faɗa mai nauyi a kan ta farkon, a kan ta biyun kuma kayan aikinsu ba su kai ba, sai dai a aji akan haɗe su a yi musu hukunci ɗaya.

Da wa suke faɗa tun asali

Kalmar fosmodan tana nufin abin da ya zo bayan zamani, to sai a san wane zamani. A 1637 wani Bafaranshe mai suna Dekat ya ce zai yi shakkar komai har sai ya sami abin da ba ya shakkuwa, abin da ya samu shi ne cewa yana tunani, saboda haka yana nan. Ki tuna lokacin Turai na tsakiyar yaƙin shekara 30, daga 1618 zuwa 1648, Katolika da Furotesta na yanka juna kowa da ayarsa a hannu, so mutane sun gaji, suna neman wani alƙali da ba na ɗariƙar kowa ba. Sai aka naɗa hankalin ɗan Adam. Daga nan aka ce duk abin da zai amsa sunan gaskiya sai ya zo gaban wannan alƙalin ya kare kansa, har da wahayi. Kant na Jamus a 1793 ya rubuta littafi sukutum a kan addini a cikin iyakar hankali kaɗai, wato a tace addini a bar ɗabi'a mai kyau, mu'ujiza da tashin matattu a ajiye su gefe.

Alkawarin zamanin shi ne ilimi da kimiyya za su kai ɗan Adam tudun mun tsira. Abin da aka gani kuma yaƙin duniya biyu ne, da sansanonin da aka ƙona Yahudawa, da mulkin mallaka wanda shi ma da sunan wayar da kai ya zo mana. To 'ya'yan wannan gidan ne suka juya wa uban baya. A 1979 wani masanin falsafa Bafaranshe mai suna Liyota ya rubuta wani rahoto da hukumar jami'o'in Kebek ta Kanada ta nema, a ciki ya ce halin bayan-zamani shi ne rashin yarda da manyan labarai, irin labarin da ke haɗiye sauran labarai ya ce shi ne ma'aunin kowa, kamar labarin ci gaba ko na Markisanci, wato aƙidar gurguzu. Fuko, shi ma masanin falsafa Bafaranshe, ya bi tarihin gidan mahaukata da kurkuku da asibiti yana nuna yadda sani da iko ke tafiya tare, wanda ke da ikon cewa wane mahaukaci ne shi ke riƙe da makulli. Wani ɗan'uwansu masanin falsafa kuma, Derida, a 1967 ya faɗi jimlar da lakcaranku ke jingina da ita, wai babu wani abu a wajen rubutu.

Wannan jimlar an wahalar da ita. Shi da kansa daga baya ya yi bayani cewa nufinsa babu abin da ke zuwa mana ba tare da mahalli ba, komai ta cikin harshe da tarihi da al'ada muke karɓarsa, babu wanda ke tsaye a sama yana kallon duniya ba ta wata taga ba. Bai ce kowace fassara daidai take da kowace ba, ai shi kansa in an karanta shi ba daidai ba yakan rubuta shafuka masu yawa yana cewa ba haka na ce ba. Mutumin da ya yarda rubutu ba shi da ma'ana ba zai ɓata tawadarsa a kan haka ba. Wani abin da ba a cika faɗa a aji ba, Derida ɗan Afirka ta Arewa ne, a Aljeriya aka haife shi a 1930 cikin gidan Yahudawa, an kore shi daga makaranta a 1942 saboda Bayahude ne, kuma ya yi rubutu mai tsawo yana kokawa da Agustin, bishop ɗin Hippo wanda shi ma ɗan ƙasar ne. Derida bai taɓa rabuwa da maganar Allah da addu'a ba ko da yake bai ce shi mai bi ba ne.

Me muke nufi in mun ce Allah ya bayyana kansa

A nan ne nake so ki zauna sosai, don yawancin rikicin daga nan yake. Mu da muka tashi da Hausa kalmar wahayi na zuwa mana da kayanta. A fahimtar maƙwabtanmu Musulmi wahayi saukarwa ce, kalmomin da kansu aka saukar da Larabci, shi ya sa a wurinsu fassarar Alƙur'ani bayanin ma'ana ce, ba ta zama Alƙur'anin ba. Wannan matsayi ne mai tsari a cikin kansa kuma suna da malamansu da za su yi bayaninsa fiye da ni. Amma da yawa cikin 'yan ikilisiyarmu sun ɗauki wannan hoton sun ɗora wa Baibul ba tare da sun lura ba, sai in an ce musu akwai hannun mutum a ciki su ji kamar an rushe komai.

Buɗe Ibraniyawa sura 1. Ta ce a da Allah ya yi wa kakanni magana ta bakin annabawa ta hanyoyi iri-iri, a ƙarshen kwanakin nan kuwa ya yi mana magana ta wurin Ɗan. Yahaya sura 1 ta ce Kalman ya zama mutum ya zauna a cikinmu. Ki lura da Hausar ma, kalma ai mace ce a nahawunmu, kalmar nan muke cewa, amma masu fassara suka rubuta Kalman nan, tare da Allah yake, suka karya ƙa'ida da gangan saboda wanda ake magana a kai mutum ne mai fuska. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. To abin da Kirista ke da'awa ke nan, cewa zuciyar Allah ta yi fuska a Galili a zamanin Bilatus, Littafin kuma shaidar waɗanda suka ga fuskar ce, hurarre daga Ruhu, amma da hannun mutane da harshensu aka rubuta shi. Majalisar Vatican ta biyu, babban taron bishop-bishop na Katolika, a 1965 ta faɗi kusan haka, cewa Allah ya ga dama ya bayyana kansa, kuma marubutan Nassi marubuta ne na gaske da suka yi aiki da basirarsu. Furotesta da Katolika ba su da faɗa a wannan gaɓar.

Yanzu ki duba abin mamaki. Yesu Aramiyanci yake yi a harkar yau da kullum, amma Linjila da Helenanci aka rubuta ta. Kalmominsa na asali da suka rage 'yan kaɗan ne, Talita kumi, Abba, Effata, da kukan da ya yi a kan gicciye. Ma'ana tun ranar farko maganar Ubangijinmu a fassare ta iso hannun ikilisiya, kuma ba wanda ya ga hakan a matsayin aibi. Sannan labarin nasa sau huɗu aka ba da shi, Matiyu da Markus da Luka da Yahaya, ko rubutun da aka kafa a kan gicciye ki gwada su ki gani, kalmomin ba su zo iri ɗaya ba a huɗun. Wajen shekara ta 170 wani mai suna Tatiyan ya ga wannan kamar matsala ce, ya narke huɗun ya fitar da guda ɗaya mai santsi, ikilisiyoyin Suriya sun yi amfani da ita ƙarnuka, amma a ƙarshe aka ajiye ta aka koma wa huɗun da bambancinsu. Ikilisiya ta zaɓi shaidu huɗu a kan rahoto ɗaya da aka goge. Lamin Sanneh, ɗan Gambiya da ya koyar a Yale, a kan wannan ya gina aikinsa na 1989, cewa fassaruwa tana cikin jinin addinin Kirista. Shi ya sa da cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932 ba a ce masa bayanin Baibul ba, Baibul ne, kuma sunan da ke bakin mutane aka ɗauka, Allah.

To kin ga in wani ya zo ya ce min kai Rabaran duk abin da ke hannunka fassara ce, ta cikin harshe da al'ada ya zo maka, sai in ce masa sannu da zuwa, mun daɗe a nan. Bulus ma ya ce yanzu muna gani ne kamar a madubi, duhu-duhu, sani na ɗan ɓangare ne. Wanda wannan maganar ta kayar shi ne alƙalin Dekat, mai cewa yana gani ba ta taga ba. Kuskuren da mu masu wa'azi muka yi shi ne mun ari rigar alƙalin don mu kare Baibul, muka riƙa cewa za mu tabbatar da shi kamar lissafi, aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago. Da rigar ta yage sai yaranmu suka ɗauka bangaskiyar ce ta yage.

Inda maganarsu ta kama mu

Ba zan yi miki wayo ba, Fuko yana da gaskiya a kanmu fiye da yadda muke so. A 1807 an buga wani Baibul a Landan don bayin da ke gonakin rake na tsibiran Karebiyan, aka cire labarin fitowar Isra'ila daga bautar Masar, aka bar ayoyin da ke cewa bayi su yi biyayya. A Afirka ta Kudu manyan malaman ikilisiyar fararen fata sun kafa hujjar wariyar launin fata da labarin hasumiyar Babila. A Jamus a 1914 malaman tauhidi na cikin masana 93 da suka sa hannu a takardar goyon bayan yaƙin sarkinsu, wani matashin fasto a Suwizalan mai suna Kal Bart ya ga sunayen malamansa a ciki, abin ya girgiza shi har ya koma ya fara karanta Romawa daga farko. Abin da ya fito da shi shi ne Allah ba ƙaton mutum ba ne, ba muryar al'ummarmu ba ce da aka ƙara wa sauti, in bai bayyana kansa ba babu tsanin da za mu hau mu same shi. Wannan fahimtar ce ta sa a 1934 ya tsara shelar Barmen da ta ce Yesu Almasihu ne Kalmar Allah guda da za a saurara, ba wani shugaba ba, shekara ɗaya bayan nan aka raba shi da kujerarsa a jami'ar Bon don ya ƙi yi wa Hitila rantsuwar biyayya yadda aka nema.

Ba sai mun je Jamus ba ma. Sau nawa kika ji an ce Ubangiji ya gaya mini, kuma abin da Ubangijin ya faɗa kullum sai ya dace da aljihun mai faɗar? Na taɓa zama a wani zaman sulhu inda wani mai wa'azi ya ce an nuna masa a wahayi wata gwauruwa ce ta kashe mijinta, matar na zaune tana kuka ba wanda ya iya buɗe baki saboda an ce wahayi ne. Wani tsohon dattijo da ko firamare bai gama ba shi ya ce to a kawo shaidu biyu ko uku kamar yadda Nassi ya ce. Maganar ta mutu a wurin. Tambayar Fuko, wa ke cin ribar wannan gaskiyar, tambaya ce da ya kamata kowane dattijon ikilisiya ya iya yi, kuma annabawa sun riga shi, Irmiya sura 23 gaba ɗaya kusan a kan masu cewa in ji Ubangiji ne alhali bai aike su ba.

Amma ki lura da abin da ya warware duk misalan nan. Bayin da suka sami labarin Fitowa, da shi suka yi waƙoƙin 'yanci. Shelar Belhar da ikilisiyar waɗanda aka ware a Afirka ta Kudu ta karɓa a 1986, ta kira wariya zunubi, daga Nassin nan dai ta fito. Dattijon nan aya ya jawo. Da a ce rubutun ba shi da abin da yake faɗa sai abin da mai iko ya sa masa, da ba a sha wahalar yanke shafuka a 1807 ba. An yanke ne don an san Littafin na iya juyowa ya ciji mai riƙe da shi.

Inda na rabu da su

Cewa kowa ta tagarsa yake gani gaskiya ne. Cewa saboda haka babu komai a waje, ko ba mai iya leƙowa ta tagar ya yi mana magana, wannan ƙari ne da ba a kawo hujjarsa ba. Falsafa na iya auna iyakar hannun mutum in ya miƙa sama, kuma na yarda hannun gajere ne. Wahayi kuwa da'awa ce cewa an miƙo hannu daga can. Mai awon tsawon hannuna ba shi da abin cewa a kan wannan, sai dai ya ce shi bai gani ba. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, in Allah yana nan kuma ya so ya faɗi ko shi wane ne, raunin harshenmu ba zai hana shi ba tunda shi ya zaɓi ya yi magana da shi. Wani masanin falsafa Bakatolike a Faransa, Mariyon, wanda ya yi karatu a hannun Derida, ya bambanta gunki da hoto mai tsarki, ya ce gunki shi ne inda kallonka ya tsaya ya dawo maka da kanka, ɗayan kuwa kana kallonsa sai ka tarar kai ake kallo. Wannan ya taɓa abin da kika ce na jin muryar kanki.

Akwai masu cewa Baibul ba ya cikin manyan labaran da Liyota ke nufi tunda bai jingina da hankalin kowa-da-kowa ba, da shaida da bangaskiya ya jingina. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ni ban cika son mu fake a nan ba, don Liyota da kansa daga baya ya lissafa labarin ceto na Kirista a cikinsu, kuma mu ma ai muna cewa labarin daga halitta zuwa sabuwar halitta na kowa ne. Gara mu amsa cewa eh babban labari ne, sai dai a tsakiyarsa mutum ne da hukuma ta kashe a bayan gari, wanda Bilatus mai iko ya tambaya mece ce gaskiya bai ma tsaya jin amsa ba. Duk ranar da muka mai da wannan labarin sandar dukan wasu, labarin da kansa ne zai fara kai ƙararmu.

Iyakata kuma ita ce wannan: ba zan iya tabbatar miki cewa Allah ya yi magana da irin hujjar da za ta tilasta wa lakcaranku ya yarda ba. Ba ni da ita, kuma ina ganin duk wanda ya ce miki yana da ita ya koma rigar Dekat. Abin da ke hannuna shaida ce, ta mutanen da suka ce sun gan shi bayan ya mutu kuma da yawansu suka gwammace wahala da su janye, shaida kuwa ana auna ta ne a yarda ko a ƙi. Haka ma akwai wuraren da masu bi na ƙwarai suka karanta aya ɗaya suka rabu, baftismar jarirai, matsayin mata a bagade, ba na tsammanin za a gama waɗannan kafin Ubangiji ya dawo.

Game da muryar kanki da kike ji da safe, ga abin da nake sa ɗalibaina su yi. Ki ɗauki sura guda, ki rubuta abin da kike so ta ce kafin ki karanta, sannan ki karanta ki ja layi a duk inda ta ƙi ba ki haɗin kai. In kin yi sati biyu ba ki sami inda ta saɓa miki ba to lallai kanki kike ji, amma ban taɓa ganin wanda ya yi wannan da Wa'azi a kan Dutse ya fita lafiya ba. Sannan kar ki riƙa karatu ke kaɗai kullum. Mutumin nan na Habasha a Ayyukan Manzanni sura 8 da Filibus ya tambaye shi ko yana gane abin da yake karantawa, cewa ya yi ina zan iya in ba wani ya bishe ni ba. Ki zauna da matan zumunta a ƙauyenku in kin je hutu ki ji yadda tsohuwar da ta binne 'ya'ya uku ke karanta Ayuba, tagarta daban da taki, kuma za ta ga abin da ke cikin surar wanda ke da lakcaranku da ni duk muka tsallake.

Jarrabawa kuma in ta zo, ki amsa abin da aka tambaye ki. In an ce ki bayyana ra'ayin Derida ki bayyana shi tsaf yadda shi da kansa zai ce eh haka na ce, wannan ba musun bangaskiya ba ne, kin ba mutum hakkinsa ne. In akwai wurin ra'ayinki sai ki kawo maganar Linjila huɗu da ta Tatiyan, ina jin lakcaran zai so ya ji ta. Ki turo min handawut ɗin da ya ba ku in duba wane ɓangaren Derida ya ɗauko, don na farkonsa da na ƙarshen rayuwarsa akwai 'yar tazara. A gaida mutanen gida.